Filin unguwa na kowa ne, to wa zai ba bishiyar ruwa? Tambayoyi da amsoshi daga Gombe

Tun da aka yanke Jihar Gombe daga Bauchi ranar 1 ga Oktoba 1996, garin Gombe bai daina buɗewa ba. Ma'aikata suka zo, 'yan kasuwa suka zo, daga baya rikicin Boko Haram ya koro mutanen Borno da Yobe suka samu mafaka a nan. Gonakin bayan gari suka koma fulotai, filayen da yara ke buga ƙwallo suka koma shaguna. Ga wasu tambayoyin da ake ji a majalisu idan zancen wurin shan iska ya taso.

Wai da kuke cewa filin jama'a, lambun shaƙatawa irin na Abuja kuke nufi?

Shi ma yana ciki, sai dai shi ne mafi tsada. Millennium Park na Abuja, wanda Sarauniyar Ingila ta buɗe a 2003, ba abin da unguwa za ta kwaikwaya ba ne. Amma ai mun san filin jama'a tun kafin mu san Abuja. Dandali, inda 'yan mata ke gaɗa da farin wata samari na langa da kokawa, filin jama'a ne. Haka ƙofar fada, haka filin idi, haka gindin ceɗiyar da dattawa ke dara. Duk wurin da ɗan mai kuɗi da ɗan talaka za su tsaya ba wanda ya tambaye su kuɗin shiga, shi muke nufi. Da can gari ne ke barin irin wannan wuri da gangan. Yanzu kowane taku na ƙasa yana da farashi, in ba a tsaya masa ba ya tafi.

Ai wannan aikin gwamnati ne. Me ya kai talaka ciki?

A doka, gaskiyarka. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa wuraren shaƙatawa da lambuna da filayen jama'a cikin ayyukan ƙaramar hukuma, tare da fitilun titi da magudanun ruwa. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 kuma ta damƙa ƙasar cikin birni a hannun gwamna a matsayin amanar jama'a. Saboda haka ba alfarma ake roƙo ba.

Sai dai gwamnati ta iya gini, ta iya yanke ƙyalle ranar buɗewa, amma ba za ta tashi da asuba ta koro akuyar da ke cin dashe ba. Ko a Amurka haka abin yake. Babban lambun birnin New York ya lalace a shekarun 1970, sai a 1980 mutanen gari suka kafa ƙungiyar da har yau ita ke kula da shi bisa yarjejeniya da hukumar birnin. Ƙasa ta hukuma, kulawa ta masu amfani da wurin.

Akwai wani fili a unguwarmu da ya zama bola. Daga ina za mu fara?

Daga takarda. Kada ku ɗauki tsintsiya ko shebur tukuna.

Na faɗi haka ne don na gani da idona. A wata unguwa da na zauna, samari sun yi asabar uku suna gayya, suka kwashe shara da baro, suka daidaita ƙasa, suka kafa raga. Wata biyu bayan haka sai ga tifar yashi da bulo. Ashe filin yana da mai shi tuntuni, mu kuwa mun share masa kyauta. Ko sannu bai ce mana ba.

Ku fara zuwa wurin mai unguwa, shi ya san tarihin kowane kango, ya kai ku ga dagaci da hakimi. Daga nan ku nemi ganin taswirar tsarin unguwar a ofishin filaye da tsara gari na jiha. Unguwannin da gwamnati ta yanka sukan zo da wuraren da aka ware wa makaranta, asibiti, kasuwa da filin wasa. Idan naku yana cikin waɗannan, ku rubuta takarda da sa hannun magidanta, limamai, fastoci da shugabannin mata da matasa, ku nemi a amince a rubuce cewa ƙungiyar unguwa za ta kula da shi. Ku yi wa ƙungiyar rajista, ku ajiye kwafin komai a hannun mutum fiye da ɗaya.

Yadda fili ke ɓata sananne ne. Yau shara, gobe wani ya kafa rumfar kwano, jibi ya zuba harsashi, gata a ce ai an ba shi. Tun ran gini tun ran zane: rumfar farko ake yi wa magana, cikin ladabi, ta bakin mai unguwa. In an bari ta kai bulo, sai kotu.

In babban mutum ne ya sa ido a kan filin fa?

Yakan faru, kuma ba kullum ake nasara ba. Amma a 1989 an so a gina bene mai hawa 60 a lambun Uhuru da ke tsakiyar Nairobi, da goyon bayan gwamnatin Kenya ta lokacin. Wangari Maathai, wata mai fafutukar kare muhalli, ta yi ta rubuta takardu, ta je kotu, ta sha zagi, har masu zuba kuɗin suka janye. Lambun yana nan. Abin da ya fi kare fili bayan takarda shi ne a riƙa ganin mutane a cikinsa kullum. Filin da yara ɗari ke wasa kowace yamma ya fi wuyar haɗiyewa a kan wanda kare kaɗai ke ratsawa.

Kowace damina ana dashen bishiyoyi, ga ma shirin dashen bishiyoyi na jiha mai suna 3G (Gombe Goes Green) tun 2019. Me ya sa ba duka ke tashi ba?

Saboda dashe aikin yini ɗaya ne, raino kuwa na shekara biyu zuwa uku. A Gombe ruwan sama yakan ɗauke wajen Oktoba, ba a sake ganinsa sosai sai Mayu ko Yuni. A tsakani ga hunturu, ga zafin Maris da Afrilu da kan kai digiri 40, ga awaki da tumakin da ba su da wani ɗanyen ganye sai na dashenka. Ruwa kuma ba araha ba ne a garin nan. Na famfo daga madatsar Dadin Kowa ake turo shi, unguwanni da yawa kuwa da 'yan garuwa da tanka suke rayuwa. Wanda ya sayi jarka don girki ba zai zuba wa bishiyar da ba ta da mai ita ba.

To a ba ta mai ita. Gara a dasa 20 a raba wa gidaje 20, kowace da sunan gidan da ke rainonta, da a dasa 500 a ɗauki hoto. A yi mata keji da ƙaya, tsohon kwando ko fasassun bulo. A binne tsohon tulu ko hudajjiyar jarka a gindinta, a riƙa cikawa, ruwan ya riƙa tsatsa a hankali maimakon rana ta shanye. Ruwan alwalar masallaci da ke malala kan hanya yana ɓata wa masu wucewa takalma, ƙaramin lambatu kawai yake buƙata ya raini bishiya biyar. Malamai su tuna wa mutane hadisin da ya ce wanda ya dasa itace, duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga gare shi sadaka ne.

Zaɓen iri ma da magana. Darbejiya, wadda wasu ke kira maina ko dogonyaro, tana jure fari kuma tana saurin ba da inuwa. Maɗaci yana yin girma mai kyau. Tsamiya sai mai haƙuri, jikoki ake dasa wa. Ceɗiya da durumi inuwarsu ba ta da na biyu, amma saiwarsu na fasa katanga da masai, a nisanta su da gini. Itacen turare yana shan ruwa da yawa, inuwarsa kuwa ba ta kai ta kawo ba. Mangwaro ina son sa, amma duk wanda ya dasa shi kusa da tagar maƙwabci ya shirya sasanta rikicin jifa.

Kuna ta cewa na kowa da kowa. Mata za su zo su zauna a fili?

Yadda muke tsara filaye yanzu, a'a. Kusan duk filin da aka ceto a unguwa, filin ƙwallon samari yake komawa, gefe guda kuma majalisar maza. Mace mai goyo da yara uku, ko tsohuwar da likita ya ce ta riƙa tattaki saboda hawan jini, ba ta da wurin tsayawa. Kuma ba a tambaye ta ba, don taron an yi shi ne a ƙofar masallaci bayan isha'i.

A je inda matan suke: islamiyyar matan aure, zumuntar mata a coci, wurin adashi, asibiti ranar awo. Mata su tambayi mata. Abin da za a ji ba zai wuce waɗannan ba: bayan gida mai ƙofa da sakata da ruwa, haske da daddare, benci a inuwa inda uwa za ta hango ɗanta, da ƙofar shiga da ba sai an ratsa ta gaban majalisa ana bin mutum da ido ba. Manzon Allah (SAW) da sahabbai suka ce ba makawa sai sun zauna a bakin hanya, ai sharaɗi ya gindaya musu, na farko a ciki runtse ido. Ana iya ware lokaci ma, a ce safiyar wasu ranaku ta mata da ƙananan yara ce. Kuma a sa mata cikin kwamiti da muƙami na gaske. Ni dai da ma'aji za a ba su, na ga yadda suke riƙe adashi.

Haka batun ƙabila da addini. Gombe gari ne na Fulani, Hausawa, Terawa, Bolawa, Tangale, Waja, Kanuri, Ibo da Yarabawa. Idan kwamiti ya fito daga masallaci ɗaya ko coci ɗaya, sauran za su ɗauka ba da su ake ba, ko da ba wanda ya kore su.

Masu naƙasa fa?

Dokar hana nuna musu wariya, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba wuraren jama'a shekara biyar su gyara hanyoyin shiga. Wa'adin ya cika. A filin unguwa abin ba wuya: gangara maimakon matakala, murfi a kan kwata a bakin ƙofa, hanya mai tauri da keken guragu zai bi ba ya nutse a yashi. Kafin a zuba siminti, a kira mai keke da makaho su zagaya wurin. Cikin minti goma za su nuna abin da injiniya bai gani ba.

Ba ma tsoron wurin ya zama matattarar 'yan daban Kalare da masu shaye-shaye?

Tsoro ne mai tushe. Amma duba inda suke taruwa yanzu: kango, bakin kwari, bayan makarantar da ba fitila. Duhu da kaɗaici suke nema. Don haka kada a yi wa filin doguwar katanga, a yi gajeriya yadda mai wucewa zai ga ciki. A sa fitila mai aiki da hasken rana, a ɗaure batirinta sama sosai. A ba mai shayi da mai tsire da mai ƙosai wuri a gefe, su ne masu gadin da ba a biya. Samarin unguwar kuma a ba su aiki mai suna, wannan mai kula da raga, wancan mai makullin famfo. Yaron da aka damƙa wa makulli da wuya ya sace kan famfon.

Kuɗi daga ina?

Karo-karo, kuɗin rumfa daga masu sana'ar gefe, da abin da masu biki ko walima za su bayar in sun ari wurin. Shiga dai kyauta, ranar da aka sa kuɗin ƙofa an kori waɗanda aka yi abin dominsu. A buɗe asusun banki mai sa hannun mutum uku, a riƙa liƙa lissafin wata a allo kowa ya gani, don zargin cin kuɗi ya kashe ƙungiyoyin unguwa fiye da rashin kuɗin. Attajirai a tuna musu da waƙafi. Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa jama'a, fuloti biyu ko rijiyar burtsatse ma suna shiga wannan babi. Ɗan siyasa in ya kawo benci a karɓa a gode, amma ban da fentin jam'iyya, don in mulki ya juya filin ne zai biya bashin.

Mu bakin kwari muke. Akwai abin da za a iya yi da shi?

Babban kwari ya fi ƙarfin gayya. Ƙasar Gombe yashi ce, garin kuma a gangare yake, shi ya sa zaizaya ke cin gidaje. Wannan aikin injiniyoyi ne da manyan shirye-shiryen yaƙi da zaizayar ƙasa irin ACReSAL mai tallafin Bankin Duniya. Rabon unguwa shi ne a daina zuba shara da ɗibar yashi a ciki, a dasa jema da bishiyoyi a gefe don saiwa ta riƙe ƙasa, in an gama ginin kuma a nemi a bar gefen ya zama hanyar tattaki kafin masu shaguna su riga ku. Lambun Al-Azhar na Alƙahira, da aka buɗe a 2005, a kan juji na ɗaruruwan shekaru aka yi shi.

Yaushe ya fi dacewa a fara?

Da rani. Zirga-zirgar takarda da tarurruka a yi su tsakanin Janairu da Afrilu, lokacin da zafi ke sa kowa ya yarda ana buƙatar inuwa. A haƙa ramuka a zuba taki a Mayu, a tanadi keji kafin a karɓo dashe. A dasa a ƙarshen Yuni ko Yuli idan ruwa ya zauna. Sannan a sa ranar taro na gaba a Nuwamba, kowane gida ya zo ya faɗi ko bishiyarsa na raye, a kuma raba kwanakin ban ruwa har zuwa faɗuwar damina.