Yadda jijiyoyi ke sarrafa motsin hanjin kwaɗo

Motsin hanjin kwaɗo shi ne matsewa da sakewar da tsokar hanji ke yi tana tura abinci daga tumbi har ya fita ta dubura. Kwaɗo dai ba ya tauna, haɗiye ƙwaro yake ɗungurungum, to ka ga aikin duk ya koma kan ciki.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne hanjin yana da nasa jijiyoyin a jikin bangonsa, a tsakanin tsoka mai zagaye da mai tafiya a tsaye, waɗanda Leopold Auerbach ɗan Jamus ya fara bayaninsu a hanjin dabbobi a 1862. Shi ya sa ko an yanko guntun hanjin an tsoma a ruwan gishiri na ɗakin gwaji za ka ga yana ta motsi abinsa, babu ƙwaƙwalwa babu laka. Sai dai a kwaɗo ƙwayoyin jijiyar a warwatse suke, ba su taru dunƙule-dunƙule kamar na mutum ba.

Daga waje kuma akwai jijiyar bagus da ke saukowa daga ƙwaƙwalwa, tana kaiwa maƙoshi da tumbi, ba ta yin nisa cikin hanji. A mutum ita ke zuga tumbi ya yi aiki, amma a kwaɗo yawanci birki take takawa, jijiyoyin da ke fitowa daga laka su ne suka fi sa tsokar ta matse. Masanin kimiyya Friedrich Goltz ya lura da haka a 1872, da ya raba maƙoshi da tumbin kwaɗo da umarnin ƙwaƙwalwa sai ya ga motsin ya ƙaru maimakon ya tsaya. Ƙarshen hanji kuwa jijiyoyin ƙasan laka ke kula da shi.

Sinadarin asetilkolin ne ke sa tsokar matsewa, wanda dama a zuciyar kwaɗo masanin kimiyya Otto Loewi ya gano aikinsa a 1921, shi kuma sinadarin naitirik oksaid yana sa ta saki.

Zafi ma na da tasiri sosai tunda jikin kwaɗo yanayin wuri yake bi, in sanyi ya yi motsin sai ya lafa, abinci ya daɗe a ciki bai narke ba.