Dawo da rarar albashin da aka biya bisa kuskure

Rarar albashi ita ce kuɗin da ma'aikaci ya samu fiye da haƙƙinsa saboda kuskuren mai biya. Takan faru idan an ɗora mutum a matakin albashin da ba nasa ba, ko an maimaita masa alawus, ko an ci gaba da biyansa bayan ya ajiye aiki. A yawancin ƙasashe doka ta yarda ubangida ya nemi kuɗinsa, domin kuskuren akanta ba ya mayar da kuɗi kyauta. Inda dokoki suka sha bamban shi ne hanyar karɓa: nawa za a cire, cikin wane lokaci, da izinin wa.

Yarjejeniya ta 95 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka amince da ita a 1949 don kare albashi, ta ce ba a yankar albashi sai bisa sharuɗɗan da dokar ƙasa ko yarjejeniyar ma'aikata da masu ɗaukar aiki ta gindaya. Najeriya da Nijar duk sun rattaba hannu a kanta.

A Najeriya, sashe na 5 na Dokar Ƙwadago ne ya yi bayanin wannan. Ya halatta a cire rarar daga albashi, amma sai wadda aka biya cikin watanni 3 da suka gabaci watan da aka gano kuskuren. Sannan jimillar abin da za a cire wa ma'aikaci a wata guda ba za ta wuce kashi ɗaya cikin uku na albashin watan ba. Misali, idan kamfani ya shekara yana ƙara wa direbansa naira 10,000 duk wata bai sani ba, naira 30,000 kawai zai iya yanka da kansa. Sauran sai dai a sasanta ko a je kotu. Hikimar a fili take: wanda ya yi sakaci da littafin biyansa shekara guda bai kamata ya sauke nauyin a kan tukunyar iyalin ma'aikaci dare ɗaya ba.

Sai dai kariyar ba ta kowa ba ce. Sashe na 91 ya taƙaita ma'anar ma'aikaci ga masu aikin ƙarfi da na akawu, ya fitar da masu gudanarwa da ƙwararru. Manajan banki ko likita zai dogara ne ga takardar ɗaukarsa aiki, babban ma'aikacin gwamnati kuwa ga ƙa'idojin aikin gwamnati. Irin waɗannan ƙararraki Kotun Ɗa'ar Ma'aikata ta Ƙasa ke saurara, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya keɓe mata hurumin rikicin ƙwadago.

A Birtaniya hannun ubangida ya fi sakewa. Dokar Haƙƙoƙin Ma'aikata ta 1996 ta hana yankar albashi ba da izini ba, amma sashe na 14 ya ware rarar albashi daga hanin. Abin da ya rage wa ma'aikaci shi ne ya nuna cewa ya karɓi kuɗin da zuciya ɗaya, ya kuma kashe su ta yadda mayarwa za ta cutar da shi. A shari'ar Hukumar Gundumar Avon da Howlett ta 1983, an biya Howlett, wani malamin makaranta, rarar fam 1,007 lokacin da yake jinya, kotun ɗaukaka ƙara ta hana hukumar karɓa saboda ita ta sa ya ɗauka kuɗin nasa ne. Wanda kuwa ya san ba haƙƙinsa ba ne ya yi gum, yana iya fuskantar tuhumar sata a ƙarƙashin Dokar Sata ta 1968.

A Amurka dokar tarayya ta bar ubangida ya cire rarar ko da albashin zai gaza mafi ƙarancin albashi, amma jihohi na da tasu iyakar. Jihar New York ta wajabta ba da sanarwa tukuna da damar ƙalubalantar lissafin, ta kuma taƙaita cirewar kashi-kashi ga kashi 12.5 cikin 100 na albashi.

Afirka ta Kudu ta ɗauki batun ta fuskar tsarin mulki. A 2017, a shari'ar wata ma'aikaciyar gwamnati mai suna Ubogu, Kotun Tsarin Mulki ta soke sashen Dokar Aikin Gwamnati da ya ba hukuma ikon yankar albashin ma'aikaci ba da amincewarsa ba kuma ba da umarnin kotu ba, tana mai cewa hakan ɗaukar doka a hannu ne.

Biyan albashi da kwamfuta bai kawar da matsalar ba. Tsarin Phoenix da gwamnatin Kanada ta ƙaddamar a 2016 ya biya dubban ma'aikata ƙasa da albashinsu, wasu dubban kuma fiye da shi, aka shafe shekaru ana aika musu takardun neman su mayar.