Waiwaye: Yadda Kano Pillars ta zama ta kowa a Kano

A ranar 23 ga Agusta, 2015, Nasarawa United ta zo Kano ta ci Kano Pillars 2-1 a filin wasa na Sani Abacha. Kafin wannan rana, shekara 12 ke nan babu wata ƙungiya da ta doke Pillars a gida a gasar lig, wasa 202 a jere. Yaron da aka haifa a 2003 ya kusa gama firamare bai taɓa jin an ce an cinye Masu Gida, wato Pillars, a filinsu na Ƙofar Mata ba. Duk mai son ya gane dalilin da ya sa Bakano yake ɗaukar wannan ƙungiya kamar ta gidansu, to daga waɗannan shekaru zai fara.

Amma ƙaunar ƙwallo a Kano ta girmi Pillars. Raccah Rovers ta ɗauki kofin lig na Najeriya tun 1978, kuma dattawa har yanzu suna ba da labarinta. Ita Pillars a 1990 aka kafa ta, bayan an haɗe ƙungiyoyi uku: WRECA, Kano Golden Stars da Bank of the North. Wannan haɗewa tana da muhimmanci. Magoya bayan da a da suke warwatse, kowa da tasa, sai suka sami tuta guda mai ɗauke da sunan garinsu. Kuma Bahaushe dama ya saba da tsayawa bayan ɓangarensa a fage. A dambe akwai 'yan Arewa, 'yan Kudu da Guramada, mutum yana yi wa nasa kirari ko da bai taɓa gaisawa da shi ba.

Kofi bai zo da wuri ba. Sai a 2008 Pillars ta fara ɗaukar lig. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, bayan 1-1 a Kano da 2-2 a Alƙahira, ta kai wasan kusa da na ƙarshe kafin Heartland ta Owerri ta tsayar da ita. Daga nan sai kofi uku a jere: 2012, 2013 da 2014. A wancan lokaci gidajen kallon ƙwallo sun riga sun cika unguwanni, samari sun rabu tsakanin Arsenal, Chelsea, Manchester United, Real Madrid da Barcelona, filayen wasa da yawa a ƙasar nan kuwa sun koma fayau. Filin Kano bai daina cika ba.

A ganina dalilin a fili yake. Wanda ya bi Arsenal saboda Nwankwo Kanu, ko Chelsea saboda Mikel Obi, zaɓa ya yi, kuma yana iya sakewa. Pillars kuwa gado ce. Uba ne ko yaya yake riƙe hannun yaro ya kai shi fili, ya koya masa "Sai Masu Gida!" tun bai san dokar satar gida ba. 'Yan wasan ma ba a talabijin kaɗai ake ganinsu ba. Rabi'u Ali, da ake kira Pele, ɗan gari ne, ana haɗuwa da shi a hanya, an san unguwarsu. Idan ya ci ƙwallo, ɗan kasuwar Kwari da mai Adaidaita Sahu duk "mun ci" suke cewa, kuma har zuciya suke faɗa.

Inda aka fi gane mai ƙauna ta gaskiya shi ne lokacin wuya. A watan Maris na 2015 'yan fashi suka buɗe wa motar ƙungiyar wuta a kan hanyarta ta zuwa Owerri, 'yan wasa suka ji rauni. A wasan ƙarshe na kofin ƙalubale na 2018 a Asaba, Pillars tana gaba da ci 3-0, Enugu Rangers ta farke duka ta kuma yi nasara a bugun fenareti. Shekara ta zagayo, a Kaduna, Pillars ta ɗauki kofin a hannun Niger Tornadoes, shi ma da fenareti.

Akwai abin da bai kamata a rufe ba. Wannan kishi ya sha wuce gona da iri: jifa, kutsawa cikin fili, tsorata baƙi da alƙalan wasa. A kakar 2022 an yi rikici a wasa da Katsina United, hukumar lig ta ci ƙungiyar tara, daga baya an rage mata maki, a ƙarshe ta faɗa rukuni na biyu. Masu jifan suna ganin kare ƙungiya suke yi, alhali su ne suka taimaka wajen kayar da ita.

Magoya baya ba su watse ba, kuma a 2023 Pillars ta dawo babbar gasa. Ahmed Musa, wanda ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009/2010 kafin ya tafi Turai, ya sake sa rigar a 2021, ya kuma dawo a 2024, bayan ya buga wa CSKA Moscow da Leicester City, ya kuma riƙe kyaftin ɗin Super Eagles.