Joseon Exorcist: wasan kwaikwayon tarihin Koriya da aka soke bayan kashi biyu

Joseon Exorcist wasan kwaikwayo ne mai dogon zango na Koriya ta Kudu, wanda tashar talabijin ta SBS ta fara haskawa ranar 22 ga Maris, 2021. Sunansa da Koriyanci Joseon Gumasa, wato mai korar aljanu na Joseon, tsohuwar daular da ta mulki Koriya. An tsara zai kai kashi 16, amma biyu kacal suka fita, domin ranar 26 ga watan tashar ta sanar da soke shi ɗungurungum. An fi tuna shi da fushin da kashinsa na farko ya jawo a ƙasar fiye da labarin da ya zo bayarwa.

Labarin da masu shirin

Shirin yana cikin jinsin da Koriyawa ke kira sageuk, wato wasannin da aka gina kan zamanin sarakuna. Park Gye-ok ne ya rubuta shi, Shin Kyung-soo ya ba da umarni. Kam Woo-sung ya fito a matsayin Sarki Taejong, sarki na uku na Joseon, wanda ya yi mulki daga 1400 zuwa 1418. Park Sung-hoon ya fito a matsayin babban ɗansa Yangnyeong, Jang Dong-yoon kuma a matsayin Yarima Chungnyeong, wanda daga baya ya zama Sarki Sejong. A labarin, wani mugun iska mai suna Azazel (sunan da masu karatu za su tuna da Azazilu na littattafan malamai) yana shiga jikin mutane ya mayar da su gawarwaki masu tafiya, gidan sarauta kuma ya nemo limamin Katolika daga Turai don ya taimaka a kore shi. An ware wa aikin won biliyan 32 (won shi ne kuɗin Koriya ta Kudu), kuma an riga an ɗauki kusan kashi 80 cikin ɗari kafin a fara nunawa.

Abin da aka gani a kashin farko

Wurare biyu ne suka tayar da ƙura. A na farko, an nuna Taejong ya ruɗe, yana ganin fatalwar mahaifinsa Taejo, sai ya zare takobi ya dinga sarar talakawan da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. A na biyu, Yarima Chungnyeong ya tarbi limamin da tafintansa kusa da Uiju, a kan iyakar arewa, ya kai su gidan gisaeng, mata mawaƙan da ke nishaɗantar da manya. Kwalliyar gidan ta Sinawa ce, haka ma abin da aka jera a kan teburi: kek ɗin wata da Sinawa ke ci a bikin tsakiyar kaka, ƙwan agwagwa da ake adanawa cikin toka da gishiri har ya yi baƙi, curin fulawa mai nama a ciki irin na Sin, da kwalaben giya su ma irin na can.

Masu shirin sun ce tun da garin yana dab da daular Ming ta Sin, sun ƙaddara Sinawa na yawan kai da kawo a wurin. Bayanin bai gamsar da masu kallo ba. Abin lura shi ne, limamin da kansa ya fi abincin saɓa wa tarihi nesa ba kusa ba, domin Katolika ba ta kafu a Koriya ba sai bayan da aka yi wa Yi Seung-hun baftisma a Beijing a 1784, limaman Faransa kuma ba su shigo ba sai 1836. Amma ƙorafin da aka yi a kansa bai kai rabin na teburin ba. Limamin tatsuniya ne, kowa ya gane hakan. Teburin kuwa ya taɓa wani miki da bai warke ba.

Dalilin da abinci ya zama abin faɗa

Tsakanin 2002 da 2007 wata cibiyar bincike ta gwamnatin Sin ta gudanar da aikin da aka sani da Shirin Arewa maso Gabas, wanda ya lissafa tsohuwar daular Goguryeo cikin tarihin Sin. Koriyawa na ɗaukar Goguryeo a matsayin tushensu. A cikin waɗannan shekarun ne tashar MBC ta yi Jumong, labarin wanda ya kafa daular, shirin da ya zaga har gidajen Najeriya.

Daf da fitowar Joseon Exorcist rigimar ta sake kunno kai ta wata kafa. A Nuwamba 2020 Sin ta samu amincewar hukumar ƙa'idojin kayayyaki ta duniya kan pao cai, ganyen da Sinawa ke tsimawa, sai jaridar Global Times ta gabatar da abin kamar ya haɗa da kimchi, abincin da Koriyawa ke alfahari da shi. A watan ne kuma aka yi cacar baki a intanet kan hanbok, tufar gargajiyar Koriya, da wasu suka ce daga kayan Ming ta samo asali. Kwanaki kaɗan kafin shirin, an caccaki wani wasan, Vincenzo, saboda tallar bibimbap, abincin Koriya na shinkafa da ganyayyaki, wanda wani kamfanin Sin ya yi. A irin wannan yanayi, ganin ɗan sarkin Joseon yana karɓar baƙi da cimar Sinawa, a shirin da za a sayar wa ƙasashen waje, ya zama wa mutane da yawa tamkar miƙa wa abokin jayayya hujja da hannunka.

Shi ma marubucin ya zo da tabo. Shirinsa na baya, Mr. Queen, daga wani wasan Sin aka aro shi, kuma a cikinsa jarumar ta kwatanta Kundin Tarihin Sarakunan Joseon da takardar tsegumi, abin da ya sa masu shirin suka ba da haƙuri.

Sarakunan da aka taɓa

Wannan kundi ba ƙaramin abu ba ne a wurin Koriyawa. Ya ƙunshi mulkin sarakuna 25 na tsawon shekara 472, kuma UNESCO ta sanya shi cikin taskar rubuce-rubucen duniya a 1997. A cikinsa an rubuta cewa a 1404 Taejong ya faɗo daga doki wurin farauta, ya ce kada a bari marubutan tarihi su ji. Suka rubuta faɗuwar, suka rubuta har da umarnin. Al'ummar da ke da irin wannan rubutu ta san sarakunanta ciki da bai.

Taejong ba waliyyi ba ne. Shi ya sa aka kashe Jeong Mong-ju, babban jami'in daular da ta gabaci Joseon, a 1392, a 1398 ya kawar da waziri Jeong Do-jeon da ƙannen shi Taejong ɗin guda biyu da suke uba ɗaya, daga baya ya hallaka 'yan uwan matarsa. Amma jinin da ya zubar na masu neman mulki ne, kuma shi ne a 1401 ya sa aka rataya gangar Sinmungo don wanda aka zalunta ya buga ya kai kukansa fada. Mayar da shi mai yanka talakawa ya sauya ainihin abin da aka san shi da shi, kuma a nan masu ƙorafi suna da gaskiya. Sejong kuwa, wanda ya ƙirƙiro Hangul, haruffan rubutun Koriyanci, a 1443, hotonsa ne a takardar won 10,000. Kafin wannan, Netflix ta yi Kingdom a 2019, shi ma gawarwaki masu tafiya ne a Joseon, aka karɓe shi hannu bibbiyu, domin sarkinsa da yarimansa ƙagaggu ne.

Daga Litinin zuwa Juma'a

An haska kashi na farko ranar Litinin, na biyu ranar Talata. Dubban ƙorafe-ƙorafe suka kwarara zuwa hukumar tace shirye-shiryen watsa labarai, aka kuma buɗe takardar koke a shafin fadar shugaban ƙasa, wadda ta haura sa hannu 200,000, adadin da a lokacin yake wajabta wa gwamnati ba da amsa. Ƙungiyar zuriyar gidan sarautar Yi na Jeonju, wato gidan sarakunan Joseon, ta nemi a dakatar da shirin.

Abin da ya karya shi dai kuɗi ne. Masu kallo suka riƙa yaɗa sunayen kamfanonin da ke talla a shirin suna barazanar ƙaurace wa kayansu, kamfanonin kuma, ciki har da Samsung Electronics da KT, suka janye ɗaya bayan ɗaya. Garuruwan Naju da Mungyeong, waɗanda suka ba da wuraren ɗaukar hoto da tallafi, su ma suka zare hannu. Ranar Laraba SBS ta ba da haƙuri ta ce za ta dakata mako guda a yi gyara. Ranar Juma'a ta soke shirin, aka kuma sauke shi daga kafafen kallo na gida da waje. Marubucin, mai ba da umarni da manyan jaruman duk sun fitar da wasiƙun neman afuwa.

Bayan sokewar

Ba kowa ne ya ji daɗin yadda abin ya ƙare ba. Wasu masu sharhi sun ce yanke wa labari hukunci daga kashi biyu cikin 16 zai sa marubuta tsoron taɓa tarihi, kuma damuwa ce mai tushe, musamman idan aka tuna ma'aikata da ƙananan 'yan wasa da suka shafe watanni suna aikin da ba wanda zai gani. Da fadar shugaban ƙasa ta amsa koken a watan Mayu, ta ce doka ta kare 'yancin kafafen watsa labarai, don haka tsoma bakin gwamnati cikin aikin fasaha na buƙatar taka tsantsan. Amsar ta haɗa da wani koken a kan Snowdrop, shirin tashar JTBC da aka zarga da ɓata tarihin gwagwarmayar dimokuraɗiyya ta 1987. Shi ma ya rasa masu talla da ya fara fita a Disamba 2021, amma tashar ta tsaya kai da fata har ta haska kashi 16 ɗinsa duka.