Ƙaunar Allah a Rayuwar Kirista ta Yau da Kullum

Ƙaunar Allah, a koyarwar Kirista, ita ce babbar dokar da sauran dokoki duka suke rataye a kanta. Tushenta yana cikin Attaura, Maimaitawar Shari'a 6:5, inda aka umarci Isra'ilawa su ƙaunaci Ubangiji da dukan zuciya, da dukan rai, da dukan ƙarfi. Da wani malamin Attaura ya tambayi Yesu wace doka ce ta fi girma, wannan ayar ya ba shi, sa'an nan ya haɗa mata da ta Littafin Firistoci 19:18, wadda ta ce mutum ya ƙaunaci maƙwabcinsa kamar kansa (Markus 12:28-31). Tun daga nan Kiristoci ba sa raba biyun.

Ma'anar kalmar

Da Helenanci aka rubuta Sabon Alkawari, kalmar da ta fi yawa a wannan batu kuwa ita ce agape. Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda ya fito cikakke a 1932, ya fassara ta da "ƙauna". Zaɓin ya dace ƙwarai, don so yakan bi abin da ido ya gani, yau yana nan gobe ya gushe, ƙauna kuwa tana ɗaukar nauyin wanda ake ƙauna ko da babu daɗi. Masu bi suna cewa ba su ne suka fara ba. Allah ne ya fara ƙaunarsu (1 Yahaya 4:19), don haka tasu ƙaunar amsa ce ga alherin da suka riga suka samu, ba kuɗin sayen ceto ba ce.

Yadda take bayyana

Akwai ɓangaren da ke tsakanin mutum da Mahaliccinsa: addu'ar asuba kafin a fita nema, karatun Littafi tare da iyali bayan tuwon dare, sujadar Lahadi, baiko (kyautar da ake bayarwa a majami'a) da azumi. Amma wasiƙar Yahaya ta fari ba ta bar wa kowa mafaka a nan ba. Ta ce duk wanda ya ce yana ƙaunar Allah alhali yana ƙin ɗan'uwansa, maƙaryaci ne, don wanda bai ƙaunaci wanda yake gani ba, ba zai iya ƙaunar wanda bai taɓa gani ba (4:20).

A Nijar wannan magana tana da nauyi na musamman. Kiristoci ba su kai kashi 1 cikin 100 na jama'ar ƙasar ba bisa ƙidayar 2012, saboda haka maƙwabcin da Kirista yake buɗe ƙofa ya gani a Tahoua ko Yamai kusan kullum Musulmi ne, sau da yawa ma ɗan'uwansa ne na jini. A wurinsa ake gwada ƙaunar. Mai sayar da hatsi ya cika tiya har ta yi tozo, ko mai sayen yaro ne da aka aiko, yana tuna cewa ma'aunin algus abin ƙyama ne ga Ubangiji (Karin Magana 11:1). A zafin watan Afrilu, a ajiye randa da moɗa a ƙofar gida don mai wucewa. Ƴan zumuntar mata su dama kunu, su ɗauka a ka zuwa asibiti wurin majinyaciyar da ta zo daga ƙauye ba ta da kowa a gari, su zauna da ita, su wanke mata zane. Idan an yi rasuwa a unguwa, a je a zauna kan tabarmar gaisuwa. Naman layya ya shigo gidan Kirista, shinkafar Kirsimeti ta fita zuwa gidajen maƙwabta. Ba wanda yake rubuta irin waɗannan, amma su ne Matiyu 25 yake nufi da ya ce abin da aka yi wa mayunwaci, baƙo da marar lafiya, Almasihu aka yi wa.

Asibitin Galmi da ke jihar Tahoua, kan babbar hanyar Yamai zuwa Maraɗi, daga wannan fahimta ya taso. Ƙungiyar mishan ta SIM (Sudan Interior Mission) ce ta buɗe shi a 1950, kuma mafi yawan waɗanda ake yi wa magani a can Musulmi ne.

Gafara

Mafi wuya a cikin dokar shi ne umarnin Matiyu 5:44, a ƙaunaci maƙiyi, a yi wa mai tsanantawa addu'a. Ikilisiyar Nijar ta sha wannan gwaji a ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015, lokacin da zanga-zangar nuna fushi kan zanen ɓatanci na wata jaridar Faransa ta rikiɗe a Damagaram da Yamai. An ƙona majami'u da dama, an kuma yi asarar rayuka. Shugabannin ikilisiyoyi, na Katolika da na bishara, sun fito sun roƙi mabiyansu kada su rama, suka ce sun yafe. A cikin waɗannan kwanaki biyu akwai Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu Kiristoci a ɗakunansu har ƙura ta lafa.