Hasashen lalacewar ginshiƙan kankare a girgizar ƙasa ta hanyar koyon na'ura

Wannan wani reshe ne na injiniyancin gine-gine, inda ake horas da kwamfuta da sakamakon gwaje-gwajen baya domin ta faɗi yadda ginshiƙin kankare mai rodi zai lalace idan ƙasa ta girgiza. An fi damuwa da ginshiƙi saboda shi ke ɗauke da bene. In ya zube, duk abin da ke kansa ya biyo shi.

Injiniyoyi sun kasa lalacewar gida uku. Akwai ta lanƙwasa, inda rodin ke miƙewa a hankali, kankaren yana tsattsagewa, har mutane su samu sararin fita. Akwai ta tsagewa a karkace, wadda ke zuwa farat ɗaya, galibi a gajeren ginshiƙi ko wanda aka yi wa rowar ringi, wato zobban ƙarfen da ke ɗaure rodin tsaye. Ta uku ta haɗa biyun. A girgizar Kobe ta Japan, ranar 17 ga Janairu 1995, sama da mita 600 na gadar babbar hanyar Hanshin ya kife gefe guda, kuma ƙarancin ringi na cikin dalilan.

Yawancin masu bincike na dogara ne da rumbun bayanan cibiyar PEER ta Amurka mai nazarin tasirin girgizar ƙasa kan gine-gine, wanda masana a Jami'ar Washington suka tattara, mai ɗauke da gwajin ginshiƙai fiye da 400. A kowane gwaji an ɗora wa ginshiƙi nauyi, an yi ta tura kansa gaba da baya har ya gaza. Ana ba kwamfuta tsayinsa da kaurinsa, ƙarfin kankaren, yawan rodi, tazarar ringi da nauyin da ke kansa, ita kuma ta koyi haɗa waɗannan da irin lalacewar da ta auku. A 2019 wasu masana biyu, Mangalathu da Jeon, sun wallafa bincike irin wannan kan kewayayyun ginshiƙan gadoji.

Amfanin hanyar shi ne sauri: hukuma na iya tace dubban gine-gine ta ware waɗanda za a fara ƙarfafawa. Rauninta kuwa yana cikin bayanan. Gwajin da ya ƙare da tsagewa, wadda ita ce mai kisa, bai kai na lanƙwasa yawa ba. Sannan ginshiƙin ɗakin gwaji an zuba shi bisa ƙa'ida, bai san tsatsa ko cin siminti ba, alhali gine-gine da yawa da suka rushe a Turkiyya ranar 6 ga Fabrairu 2023 ba a bi ƙa'idar gini wajen yin su ba. Shi ya sa har yanzu sai injiniya ya je ya duba da idonsa kafin a yanke hukunci.