Gwanjon Zangon 5G: Wa'adin Biya Ne Ke Korar Ƙananan Kamfanoni

Shekaranjiya a shagon mai cajin waya na unguwarmu, wani dattijo ya kunna mana saƙon muryar da aka turo wa ɗansa ta WhatsApp. Mai maganar yana rantsuwa cewa gwamnati ta sayar wa manyan kamfanoni iskar Najeriya har abada, doka ta haramta wa ƙanana shiga harkar, kuma wayoyi masu madannai sun kusa daina aiki. Dattijon ya ɗago 'yar wayarsa da ya ɗaure bayanta da kyauro ya ce, "To ni yanzu sai na sayi babba ke nan?" Na ce, "A'a Baba, riƙe abarka."

Duka ukun babu na gaskiya. Abin da hukumar kula da sadarwa ta Najeriya, wato NCC, ke gwanjonsa shi ne zangon da saƙon waya ke bi a iska, irin mitar da kowace tashar rediyo ke kamawa don kada ta hau kan 'yar'uwarta. Dokar Sadarwa ta 2003 ce ta ba hukumar ikon raba shi, kuma haya ake bayarwa kamar rumfar kasuwa. Lasisin 5G, wato fasahar intanet mai sauri ta waya, na shekara 10 ne. Zangon da aka yi gwanjonsa na gigahaz 3.5 ne, daban da wanda ƙaramar waya ke amfani da shi wajen kira. Kuma kamfanin da ke da rajista a Najeriya, ya cika sharuɗɗan hukumar, yana da damar shiga, babba ne ko ƙarami. A gwanjon 13 ga Disamba 2021, kamfanin Mafab da kusan ba wanda ya san sunansa ya tsaya har Airtel ya janye, shi da MTN suka ɗauka a kan dala miliyan 273.6 kowanne.

Inda gizo ke saƙar shi ne sharaɗin kafin alƙalami, kuma nan ne mutane ke ruɗewa. Kafin a bar ka ka yi tayi, sai ka ajiye kashi 10 cikin 100 na mafi ƙarancin farashin da hukuma ta yanke. A 2021 farashin dala miliyan 197.4 ne, wato sai ka zube miliyan 19.74 tun ba a buɗe ciniki ba. Wasu na ɗauka kuɗin fom ne da ba ya dawowa. Ba haka ba ne: wanda ya yi tayi bai ci ba ana mayar masa, wanda ya ci ana lissafa masa a cikin kuɗin lasisi. Wanda kuɗinsa ke salwanta shi ne wanda ya ci gwanjo, wa'adin cikon ya wuce bai biya ba. Ya rasa zangon, ya rasa ajiyar. Haka ya faru da kamfanin Communications Investment Limited (CIL) a gwanjon GSM na 2001, lokacin da lasisi ya kai dala miliyan 285.

Hikimar sharaɗin a fili take. Ba don shi ba, kowa zai shigo ya yi ta ɗaga farashi alhali ba shi da ko sisi. Amma sharaɗi ɗaya ba ya yi wa kowa nauyi ɗaya. MTN yana da kwastomomi miliyoyi da ke sa kati kullum, banki na ba shi bashi cikin sauƙi. Ƙaramin kamfani sai ya bi masu zuba jari ɗaya bayan ɗaya, ga farashi ɗaure da dala, ga tsakanin fitar da ƙa'idojin ƙarshe da ranar ajiya makonni ne kawai.

Gwanjon Disamba 2022 ya nuna hakan ƙarara. Hukumar ta mayar da farashin da aka tashi a kai a 2021 ya zama mafarin ciniki, ajiya ta koma dala miliyan 27.36. Kamfani biyu suka nuna sha'awa. Ɗaya daga ciki, Standard Network & Connections, ya roƙi ƙarin kwanakin aiki 12, aka ce jadawali bai ba da dama ba. Airtel kaɗai ya biya, ya ɗauka ba tare da an yi gwanjon ba, ɗaya zangon da aka fitar kuma ya rasa mai saye. A ganina a nan hukumar ta tsaurara fiye da kima, domin jiran kwana 12 ya fi barin zango a banza. Bin doka ta bi, ban musa ba.

Ko cin gwanjon ma ba ƙarshen wahala ba ne, saura turaku da injinan wuta da dizal. MTN ya kunna 5G a 2022 a birane bakwai, ciki har da Kano da Maiduguri, Mafab kuwa sai da aka ƙara masa wa'adi, ya ƙaddamar a Janairun 2023.

Akwai ƙofa biyu da aka bar wa masu ƙaramin ƙarfi. Tun 2018 NCC ta halatta wa mai zango ya ba wani haya ko su yi tarayya, a 2023 kuma ta fara ba da lasisin sayar da sabis a kan turakun wani kamfani. Dukkansu sai babban ya yarda da farashi.